Dukancin Kyauta

Taikin kanwa ne ya karya wa Mahmudu ƙafa. Ana sauke kaya daga bayan mota a bakin iyaka, shi kuwa ya matso kusa yana ba da umarnin da ba wanda ya nema, igiya ta tsinke, taikin, ƙaton buhun fata, ya gangaro ya same shi a ƙauri. Aka ɗauko maɗori daga Gangara, ya ja ƙafar har Mahmudu ya kira sunan uwarsa, ya jera mata karare ya ɗaure, ya ce kada ta taka ƙasa sai gero ya fid da kai. A lokacin ko shuka ba a gama ba.

Mahmudu mai masauki ne a Jibiya, gadon ubansa. Zamanin Turawa suna nan ba su fara haɗa kaya ba, Ingilishi a wannan gefe, Faransawa a wancan. Duk falken da ya gama da 'yan duwan, masu kwastan na Faransawa, ya ƙetaro daga Maraɗi da jakunansa, yana bukatar inda zai sauke kaya, ya ɗaure dabba, ya ci tuwo, a nemo masa mai saye. To, gidan Mahmudu ke nan. Mutum ne mai jiki da murya, wanda tun da ya yi wayo bai taɓa zama wuri guda har inuwa ta juya ba. Sai ga shi an shimfiɗa masa tabarma a bakin zaure, an jingina shi da bango, an bar shi da ƙudaje.

Abin kallo ɗaya ne a gabansa, rumfar Kalilu baduku da ke tsallaken hanya. Rumfar ta girmi Mahmudu. Uban Kalilu ne ya kafa ta, kuma ba don inuwa ya zaɓi wurin ba. Falke ba ya isowa Jibiya da kayansa lafiya lau: ko hancin takalmi ya tsinke, ko taiki ya yage, ko kube ya ɓalle, ko guga ya fara yoyo. Sai ya sauka gidan Mahmudu, ya ci ya sha, ya tsallaka hanya ya ba Kalilu aiki. Mutanen gari sukan kawo nasu jefi-jefi, amma tukunyar gidan Kalilu baƙin Mahmudu ne ke ɗora ta. Kowa ya san wannan, har shi Mahmudun, irin sanin da mutum kan yi wa abu ya ajiye bai sake waiwayarsa ba.

Shekara da shekaru suna gaisawa safe da yamma, bai taɓa duban hannun mutumin ba. Yanzu da ba shi da abin yi sai ya duba. Ya ga yadda Kalilu ke shimfiɗa fatar akuya a kan katako, ya murza ta da dutse har ta yi sheƙi, ya ja wuƙa a gefenta ya fitar da siririn zare dogo bai tsinke ba. Ya ga yadda yake huda da basilla, ya zura zaren, ya ja, ya sake hudawa, hannun na tafiya shi kaɗai. Kalilu siriri ne mai furfura a gemu, ba ya son surutu, in yana aiki leɓensa na ƙasa kan turo waje kamar fatar ta yi masa laifi.

Ran nan Mahmudu ya ɗaga murya.

"Kalilu! Kwaso kayan nan naka ka zo nan ka yi. Inuwata ta hi taka."

"Akwai wari, Maigida."

"Wanda ke kwana da jakunan Maraɗi mi wari za ya yi mishi? Taho."

Kalilu ya kwaso katakonsa da wuƙaƙensa ya zo ya zauna a gefen tabarma. Haka suka yi kwanaki, ɗaya na ɗinki, ɗaya na tambaya. Mahmudu ya tambayi abin da ya sa ake jiƙa fata kafin a ɗinka, ya tambayi abin da ya sa ba a yanka zare daga wajen ciki sai daga gadon baya. Kalilu na ba shi amsa a gajarce. Daga baya da tambayoyin suka ƙare, Mahmudu ya miƙa hannu.

"Ba ni in gwada."

Kalilu ya yi dariyar da ba ta da sauti, ya tsinto ƙyallayen fata biyu daga cikin shara ya ba shi. Hudar farko basilla ta wuce fata ta shiga babban yatsa. Mahmudu ya tsotse jinin ya ci gaba. Kafin la'asar ya haɗa ƙyallayen nan da wani ɗinki mai tafiyar maciji, ya miƙa yana murmushi. Kalilu bai ko dubi fuskar aikin ba, ya juya shi ya dubi ciki, ya bi layin da farce.

"Waje na mai saye ne," in ji shi. "Ni ciki nike dubawa. Nan ka ja da yawa, nan ka saki. Warware."

Mahmudu, wanda ba a taɓa ce masa ya sake wani abu ba tun rasuwar ubansa, ya warware.

Abin da ya kama shi daga ranar shi kansa bai san sunansa ba. Daɗi kawai yake ji, irin wanda dillanci bai taɓa ba shi ba. Dillanci magana ce, in an watse babu abin da ya rage a hannunka sai la'ada da bushewar maƙogwaro. Nan kuwa da safe fata ce a shimfiɗe, da la'asar kube ne ka riƙe, ka zura wuƙa ta shige ta zauna. Ya koyi yanka, ya koyi ɗinkin ɓoye, ya koyi fitar da ja daga karan dafi, da rawaya daga gangamau, da baƙi daga kashin maƙera. Yatsunsa suka rine har na kusa da shi a sahun salla sukan saci kallonsu. Tuwo kan huce a gabansa bai sani ba. Matarsa Hajjo ta ce gidan duk ya koma warin majema, ya ce ita ce dai hancinta ya yi tsawo.

Gero ya fid da kai, maɗori ya zo ya kwance karare. Kowa ya zaci shi ke nan, Maigida zai koma bakin iyaka ya ci gaba da ihunsa. Ya koma ɗin, amma da gaggawa, yana sallamar ciniki cikin rabin lokacin da ya saba don ya dawo ga katakonsa, domin yanzu ya yi nasa. Kalilu ya koma rumfarsa. Duk abin da Mahmudu ya gama, kafin ya nuna wa kowa sai ya ɗingisa ya tsallaka hanya ya miƙa. Kalilu ya juya ciki, ya bi da farce, ya faɗi inda aka kuskure. Wani lokaci Mahmudu ya yi gardama, wani lokaci ya yi shiru, amma a ransa babu lokacin da ya fi so a yini kamar wannan ɗan tsayuwar a bakin rumfa yana jiran hukunci.

Ranar kasuwa kuma yana riga kowa zuwa wurin majema. Da yake ba ya tayawa, abin da aka faɗa shi yake biya, sai suka fara ware masa fatun kirki a gefe tun kafin ya iso. In Kalilu ya zo daga baya sai ya tarar da masu huji da masu tabo, ya zaɓi wadda ta fi dama ya tafi.

Labari ya kai Mazanya, wurin Baba Abdu, ƙanen uban Mahmudu, wanda shi ne babba da ya rage a dangi. Tsohon ya hau jakinsa ya zo takanas. Ya tarar da ɗan wansa zaune dirshan a zaure, ƙafa a miƙe, zaren fata a baki.

"An ce mini ka zama baduku, na ce ƙarya ne. Ashe ni anka mai da maƙaryaci."

"Ɗebe kewa nike, Baba."

"Kewar mi? Ƙahwa ta warke. Gidanmu fatauci munka gada da saukar da baƙi. Ban taɓa jin ɗan gidanga ya tsugunna gaban ƙahwar wani shina awon takalmi don a jefa mishi anini ba."

Mahmudu ya cire zaren daga baki. Shekarunsa na dillanci ba su tafi a banza ba, nan take ya hango ƙofar fita.

"Baba, baduku ai mai saidawa ne. Ni ko anini ban taɓa amsa ba a kan hwata, ba ni kuwa amsa."

"Ka rantse."

"Wallahi, Baba."

Baba Abdu ya juya maganar, bai sami inda zai kama ta ba. Mutum ya yi aiki ba don kuɗi ba, wannan ko dai waliyyi ne ko kuma da motsi a kansa, kuma duka biyun ba su zubar da mutuncin gida kamar sayar da takalmi ba. Ya koma Mazanya da sabuwar zabira ja a aljihu, yana cewa yaron dai hannunsa ba laifi.

Rantsuwa ta rufe bakin dangi, amma ta bar wata matsala: kaya na taruwa. Kube bisa kube, takalma a jere a gindin bango, zabira har a cikin kwandon Hajjo. Mai masauki dama yakan sallami baƙonsa da ɗan goro in zai koma. Sai Mahmudu ya ga ai ga hanya. Wanda ya fara dacewa shi ne Uwaisu, wani falke ɗan Maraɗi mai jakuna, baƙon gidan tun zamanin tsoho, uban Mahmudu. Yana ɗaura kaya zai tafi, Mahmudu ya ajiye masa takalma sababbi a gabansa.

"Nawa?" in ji Uwaisu.

"Sa ka tahi. Ni ba ni saidawa."

Uwaisu ya sa, ya taka, ya dubi ƙafarsa, ya dubi Mahmudu, ya shiga zuba godiya da kirari har jakunansa suka gaji da tsayuwa. Mahmudu ya ce ba komai, ba komai, amma kirarin ya shige shi har ƙashi. A nan ya gano daɗi na biyu, wanda ya kusa kamo na farko.

Uwaisu kuwa bakinsa ba ya riƙe magana. Kafin kaka ta wuce, duk mai bin hanyar Maraɗi ya san akwai wani mai masauki a Jibiya da ke ba da takalmi kyauta, in taikinka ya yage ma ya karɓa da murna ya ɗinke, har ya yi maka godiya. Masu sauka wasu gidaje suka dawo gidan Mahmudu. Wasu sukan taho da tsummokaran fatar da suka yi shekara a rataye, su zube masa. Mutanen gari su ma suka ji, suka ga ba dalilin da zai sa baƙo ya fi su morar maƙwabcinsu. Zauren Mahmudu ya cika, cinikinsa na masauki ma ya ƙaru, har yana cewa albarkar kyauta ce.

A tsallaken hanya Kalilu na zaune a rumfarsa, wuƙaƙe a jere, yana wasa wadda ya riga ya wasa jiya. Da la'asar Mahmudu kan ɗingiso da sabon aiki, ya karɓa, ya juya, ya bi da farce. Kuskuren na raguwa. Wani lokaci sai ya daɗe yana nema kafin ya samu.

"Yau kasuwa ta yi?" Mahmudu kan tambaya, idonsa na kan ɗinkin.

"Alhamdu lillahi," in ji Kalilu.

Hajjo ce ta fasa ƙwan. Wata safiya ta kawo masa koko, maimakon ta ajiye ta koma sai ta tsaya.

"Malam, Salmatu ta shigo jiya."

"Wace Salmatu?"

"Matar Kalilu. Ta ce in akwai dakau in riƙa aika mata, ko surfe, ko wanki. Mace da jikoki, Malam. Na ba ta gero ta ƙi amsa sai da na ce ta daka mini rabi."

"Kalilu ba shi da lahiya ne?"

"Lahiyarshi lau. Yaushe rabonka da ka ga mutum ya tsugunna a rumfarshi? Duk suna nan zaurenka suna shi maka albarka."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige. Mahmudu ya leƙa waje. Rumfar na nan inda take, Kalilu na ciki, igiyar da yakan rataya aikin da ya gama babu komai a kanta sai guga ɗaya da rana ta cinye. Kunya ta rufe Mahmudu. Ya yi ta lissafin fuskokin da ya sallama da takalma, kowace fuska ya san ta a bakin rumfar can a shekarun baya.

Mutum ne mai gaggawa, ko a wajen gyara. Ya tattara kube da zabira da takalman da ke ajiye, ya cika kwando, ya tsallaka da shi.

"Kalilu, ga wannan. Ka rataya ka saida, kuɗin naka ne. Ni rantsuwa ta hana ni."

Kalilu ya dubi kwandon, ya dubi hanya ko akwai mai kallo. Akwai kuwa.

"Hannuna bai mutu ba tukuna, Maigida."

"Ba haka nike nuhi ba."

"Na sani. Amma in wani ya ɗauka ya ce aikin wa, mi zan ce? Mai da abinka. Allah shi saka."

Mahmudu ya dawo da kwandonsa. Ya naɗe basilla da wuƙaƙe a cikin tsumma, ya miƙa wa Hajjo, ya ce ta ɓoye inda ba zai gani ba, kuma ko ya roƙa kada ta ba shi. Ya sanar a zaure cewa ya bar ɗinki, mai gyara ya tsallaka hanya. Baƙi suka yi dariya suka ce Maigida da wasa yake. Kaɗan suka tsallaka. Mafi yawa suka mai da tsummokaransu cikin kaya, suka ce ba gaggawa, sa jira zuwa wata tafiyar ko ya huce. Wanda ya saba samun abu kyauta, biyan kuɗinsa kan zame masa kamar an cuce shi.

Shi kuwa Mahmudu sai ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya zauna, ya tashi, ya je bakin iyaka ya yi faɗa da masu sauke kaya a kan abin da bai kai ya kawo ba. In yana magana da mutum idonsa na kan takalmin mutumin, yana ganin inda ɗinki ya saki. Ya tsinci kansa yana murza gefen buzunsa na salla yana auna kaurinsa. La'asar ta fi komai wuya, don ba shi da abin da zai kai tsallaken hanya, kuma zuwa hannu wofi yanzu nauyi yake yi masa. Suka koma gaisuwa daga nesa.

Ana cikin haka Uwaisu ya dawo. Ya sauke kaya, ya ci tuwo, sannan ya kwance wani ƙunshi ya shimfiɗa a gaban Mahmudu. Fatar akuya ce jemammiya, daga hannun wasu Buzaye ya samo ta, laushinta kamar tsohon zane, babu huji babu tabo ko ɗaya.

"Tukwicin takalmina," in ji Uwaisu. "Na ce wagga sai hannun Maigida."

"Na bari."

"To, ajiye ta ka riƙa kallo. Amma ga taikina ya buɗe a gindi, kanwa na zuba tun daga garin Ɗan Isa. Ɗinki kaɗan ne."

"Kai wa Kalilu."

"Haba Maigida, ina gidanka in kai wa wani? A ce mi a Maraɗi?"

Mahmudu ya shafa fatar. Ya ce a ransa taiki ɗaya ba shi zai tsayar da rumfa ba, ba shi kuma zai kayar da ita ba. Ya ce ai baƙo ne na tun zamanin tsoho. Ya faɗa wa kansa abubuwa da yawa masu kama da gaskiya, alhali ya san hannunsa ne kawai ke ƙaiƙayi. Ya shiga cikin gida. Hajjo ta ce shi ya ce kada ta ba shi. Ya ce yanzu kuma shi ya ce ta ba shi. Ta zaro ƙunshin daga ƙarƙashin tukunyar da ba a amfani da ita, ta ajiye a ƙasa maimakon ta miƙa masa.

Ya zauna a can cikin zaure inda ba a hangowa daga hanya. Amma ƙarar dutse a kan katako ba ta san bango ba. Kafin ya gama taikin Uwaisu, mutum uku sun zaro nasu tsummokaran sun jera.

Bayan girbi Kalilu ya tsallako da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya tsuguna a bakin tabarma, suka gaisa.

"Maigida, sallama na zo yi. Za mu koma Madarunhwa, can ƙetaren iyaka, wajen dangin Salmatu."

"Madarunhwa? Mi ka rasa a nan?"

Tambayar ta riga ta fita kafin ya kama ta. Kalilu ya yi kamar bai ji nauyinta ba.

"An ce can akwai masunta, suna son zabira da kube. Kuma ita ta daɗe tana son zama kusa da 'yan'uwanta."

Mahmudu ya ce a dakata, ya ce zai bari da gaske wannan karon, ya ce zai tilasta wa baƙi su tsallaka. Kalilu ya saurara har ya gama, kamar yadda yakan saurari gardamarsa a kan ɗinki.

"Kada ka bari," in ji shi. "Hannunka ya yi kyau. Ba ka iya bari ma."

Babu zargi a muryarsa, kuma wannan ya fi ci wa Mahmudu rai. Da ya zage shi da ya sami abin riƙewa.

Kwanakin da suka rage Mahmudu ya kori kowa daga zaure, ya fito da fatar Buzayen nan. Burgami ya yanka, jakar ratayawa irin ta matafiya. Ya rina bakinsa da jan karan dafi, ya zagaye shi da baƙi, ya yi masa ɗinkin ɓoye wanda ko ruwa aka zuba ba zai sami hanya ba. Inda ya yi shakka ya warware ya sake ba tare da an ce masa ba. Bai taɓa yin aiki irinsa ba, ya kuma san haka.

Ranar tafiya ya yi musu rakiya har bakin iyaka, wajen sandar da ake tare motoci. Salmatu na gaba a kan jaki tsakanin tukwane da tabarmi. Katakon Kalilu na ɗaure a bayan ɗayan jakin, da ƙunshin wuƙaƙe. Mahmudu ya lura babu fata ko ɗaya a cikin kayan. Da suka tsaya ya zaro burgamin daga cikin riga ya miƙa da hannu biyu.

Kalilu ya karɓa. Ya zura hannu ya juyo cikinsa waje, a nan tsakiyar hanya, motar gyaɗa na jira a bayansu. Ya bi ɗinkin da farce daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya dawo, leɓen nan a ture. Mahmudu ya tsaya yana jira kamar ranar ƙyallayen farko.

"Babu," in ji Kalilu.

"Babu mi?"

"Babu inda zan ce a warware."

Ya mai da shi daidai, ya shafa bakin. Sai ya rage murya yadda Salmatu ba za ta ji ba.

"Maigida, in na kai can, ka yarda in saida shi?"

Mahmudu ya dubi burgamin. Daga baya ya ce, "Naka ne."

"Na san nawa ne. Hwatar da zan fara aiki da ita nike so in saya. Na ce in tambaya, kada wata rana ka gan shi a wuyan wani ka ji ba daɗi."

Ya rataya burgamin, ya yi addu'a, ya kora jakinsa. Mai gadi ya ɗaga sanda suka wuce. Mahmudu ya tsaya har direban motar gyaɗa ya leƙo ya roƙe shi ya ba da hanya.

Da ya dawo ya tarar da wani makiyayi tsugune a gaban rumfar Kalilu, sanda a kafaɗa, takalmi ɗaya a hannu. Awaki sun riga sun shiga rumfar sun kwanta. Makiyayin na tambayar wata mai tallan fura ina baduku ya tafi, ita kuwa ta nuna Mahmudu da baki.

"Ga shi nan tahe."

Makiyayin ya taso. "Sannu, Baduku. Hanci ne ya tsinke."

Mahmudu ya dube shi, ya dubi mai furar. Bai gyara musu ba. Ya karɓi takalmin ya shiga zaure, ya jiƙa zare, ya huda, ya ja. Aikin bai ɗauke shi komai ba. Da ya gama ya juya takalmin ya dubi ƙasansa, ya ga ɗinkin ya kwanta sumul, ya miƙe da shi a hannu ya fita yana ɗingishi, ya nufi rumfar kamar yadda ya saba. Sai da ya kai tsakiyar hanya, awakin suka ɗago kai suna kallonsa, sannan ya tsaya.

"Baduku," in ji makiyayin daga bakin zaure, "ina za ka da takalmina?"